Babi na Shida: Mai Bhago da Takardar Mutum Arba'in

Takardar ba doguwa ba ce. Abin da ke cikinta bai wuce magana guda ba, cewa daga ranar nan shi ba jagoransu ba ne, su kuma ba almajiransa ba ne. Mutum arba'in suka sa hannu, suka miƙa wa Guru Gobind Singh, suka sulale daga garin Anandpur suka nufi gida. Da harshen Punjabi ana kiran irin wannan takarda bedawa, wato wadda mutum ke rubutawa ya ce ya janye, ba shi da sauran haƙƙi a kan gona ko gida. Su malaminsu suka sallama.

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Indiya ya san mutanen Sikh ko da bai san sunansu ba. Su ne masu gemu da rawani naɗe tsaf, da munduwar ƙarfe a hannu. Addininsu ya faro ne a ƙasar Punjab daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469. Kalmar Sikh ma'anarta almajiri, Guru kuwa malami ko jagora. Jagorori goma suka gaji juna, Gobind Singh ne na goma.

Da fari ba mutanen takobi ba ne. Wuya ce ta koya musu. A 1606 Guru na biyar, Arjan, ya mutu a hannun hukuma a Lahore, zamanin Sarki Jahangir na daular Mugal, sai ɗansa Hargobind ya rataya takubba biyu, ɗaya alamar addini, ɗaya alamar mulki. A 1675 aka fille kan Guru na tara, Tegh Bahadur, a Delhi, zamanin Aurangzeb. Ɗan da ya bari bai wuce shekara tara ba, shi ne Gobind. Da yaron nan ya girma, a 1699, ya tara jama'a a Anandpur ya kafa abin da ake kira Khalsa. Aka dama ruwa a ƙwaryar ƙarfe da takobi mai baki biyu, matarsa ta zuba alewar sukari a ciki, mutum biyar daga gidaje mabambanta suka sha daga ƙwarya ɗaya. A ƙasar da aka jera mutane hawa-hawa tun daga haihuwa, inda ɗan babban gida ba ya shan ruwan da ɗan ƙaramin gida ya taɓa, wannan ba ƙaramar tsokana ba ce.

Sarakunan duwatsun da ke kewaye da Anandpur, waɗanda Hindu ne, ba su ji daɗin lamarin ba. Ga baƙo a ƙasarsu yana tara mayaƙa, yana gina ganuwa, ana kaɗa masa tambari kamar sarki, yana kuma rushe musu tsarin da sarautarsu ta dogara a kai. Da suka ga su kaɗai ba za su iya ba, sai suka kai kuka wurin Mugal. Rundunonin Sirhind da Lahore suka haɗu da na duwatsu aka yi wa garin ƙawanya wata da watanni. Aka tare hanyar abinci, aka tare ta ruwa. Mutanen Sikh suna ba da labarin cewa sai da aka kai ga cin ganye da ɓawon itace, dawaki suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne masu ƙawanya suka aiko da tayi: a bar garin, a fita lafiya, ba mai taɓa kowa. Hindu suka rantse da saniya, Mugal suka rantse da Alƙur'ani. Guru bai yarda da su ba, ya ce a ƙara haƙuri. Wasu daga cikin mutanensa suka ce haƙurinsu ya ƙare. Ya ce to duk mai son tafiya ya tafi, amma ya rubuta. Mutanen yankin Majha su arba'in, da wani Mahan Singh a gaba, suka rubuta.

Ni dai ban ga bakin da zan zarge su da shi ba. Ba ranar farko suka gudu ba, sai da suka yi watanni suna kallon 'yan uwansu suna ramewa. Suna da mata da 'ya'ya da gonaki a gida. Wanda bai taɓa kwana uku da yunwa ba ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin da Guru ya ji tsoro kuwa shi ya faru. Daga baya shi ma ya fita da iyalinsa da sauran jama'a, cikin dare, a tsakiyar hunturu. Suna isa bakin kogin Sarsa, ruwa ya cika ya tumbatsa, sai aka far musu ta baya. Iyali suka watse, littattafai masu yawa suka bi ruwa. A Chamkaur, cikin wani gidan ƙasa, manyan 'ya'yansa biyu, Ajit Singh da Jujhar Singh, suka mutu suna yaƙi, babban ma bai kai shekara ashirin ba. Ƙananan biyu, Zorawar Singh da Fateh Singh, da ba wanda ya kai goma a cikinsu, aka kama su tare da kakarsu Mata Gujri aka kai wa Wazir Khan, gwamnan Sirhind. Aka kashe yaran, tsohuwar ma ba ta fita da rai ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan yaƙin Musulmi da Sikh ne kawai, domin labarin ya fi haka sarƙaƙiya. A fadar Sirhind, wanda ya miƙe ya ce kashe ƙananan yara zalunci ne Musulmi ne, Sher Muhammad Khan, sarkin Malerkotla, kuma mutanen Sikh ba su manta masa ba har yau. Waɗanda suka fitar da Guru daga dajin Machhiwara su ma Musulmi ne, Nabi Khan da Ghani Khan, suka ɗauke shi a kan gado sanye da shuɗin kaya suna cewa wani shehi ne daga garin Uch. Shi kansa Guru, a wasiƙar da ya rubuta wa Aurangzeb da Farisanci, wadda ake kira Zafarnama, babban ƙorafinsa shi ne an rantse da Alƙur'ani an kuma karya.

Ana can ana wannan, arba'in ɗin nan sun haye kogin Sutlej da na Beas, sun isa ƙauyukansu.

A Jhabal, wani gari na yankin Majha da ke kudu maso yammacin Amritsar, akwai wata mata da ake kira Bhago, ko Bhag Kaur. Mai ɗin da ke gaban sunanta ba irin namu ba ne na mai gida ko mai goro. Kalmar girmamawa ce, kamar a ce Inna ko Uwa. Gidansu tsohon gidan Sikh ne. Ta fito daga zuriyar Pero Shah, ƙanen Bhai Langah, wani mai riƙe da ƙauyuka masu yawa da ya karɓi addinin tun zamanin Guru Arjan. Mahaifinta Mallo Shah, mijinta kuwa Nidhan Singh na garin Patti. Ana cewa tun tana yarinya ta koyi hawan doki da jifa da mashi a wurin mahaifinta, kuma iyalinta sun saba zuwa Anandpur ziyara.

Abin da ya faru da mazan suka iso, kusan kowane yaron Sikh ya ji shi a bakin kakarsa. Sun zaci za a tarbe su da ruwa da abinci da kukan murna. Suka tarar da fuska a murtuke. Mai Bhago ta bi gida-gida tana magana da matansu da uwayensu, har aka yi baki ɗaya cewa ba wanda zai samu wurin zama. Matan suka tuɓe awarwaro suka miƙa musu, suka ce su sa, su zauna su yi raino su hura wuta, su kuma a ba su takubban su tafi.

Gori dai abu ne mai araha. Kowace ƙasa tana da labarin matan da suka yi wa maza gori suka tura su fagen fama, sa'an nan suka koma ɗaki suka rufe ƙofa suna jiran labari. Da a nan Mai Bhago ta tsaya, da ba za mu ba ta babi guda ba. Kunya ita kaɗai ba ta mayar da mutum fagen da ya guje wa. Ta fi sa shi ya shige ɗaka ya daina fita kasuwa, ko ya tattara ya bar garin. Mutanen nan suna da wata matsala da ta fi tsoro: sun sa hannu. Da wace fuska za su koma gaban mutumin da suka ce ba su ba shi, alhali a bayansu ya rasa gari ya rasa uwa ya rasa 'ya'ya huɗu? Ko sun so komawa, ba wanda zai iya fara ɗaga ƙafa. Ita ce ta ɗaga. Ta sa kayan maza, ta naɗa rawani, ta ɗauki mashi, ta hau doki ta wuce gaba. Ba ta sa hannu a takardar kowa ba, don haka ba ta da abin sunkuyar da kai, kuma a bayanta su ma za su iya tafiya ba tare da sun tsara abin da za su faɗa ba. Wanda ya tura ka daban, wanda ya ce taso mu je daban.

Suka haye kogi suka shiga Malwa, ƙasar rairayi da ƙaya da ƙarancin ruwa, inda labari ya nuna Guru yake. Rundunar Sirhind ma tana biye da sawunsa. A duk faɗin wurin, ruwan da aka sani shi ne wani tafki da ake kira Khidrana. Duk rundunar da ta ratso wannan jeji da dawakinta dole ta nufi nan. Guru ya wuce gaba kaɗan ya hau wani tudun rairayi. Mutanen Majha suka tsaya a bakin tafkin, tsakaninsa da masu binsa. Shekarar 1705 ke nan.

An ce yaƙi ɗan zamba ne. Da yake su kaɗan ne, sai suka ware mayafansu da bargunansu suka shimfiɗa a kan ƙananan itatuwa, ta yadda mai hangowa daga nesa zai zaci tantunan babban sansani ne. Wannan ya sa abokan gaba suka yi ta ɗari-ɗari maimakon su afka gaba ɗaya. Aka fara da bindiga da kibiya. Da harsashi ya ƙare, kibau suka ƙare, sai suka dinga fitowa ƙungiya-ƙungiya da takobi. Guru na kan tudu yana sako kibau. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, wannan gaskiya ne, kuma kafin rana ta faɗi an gama da su. Amma da rundunar Mugal ta isa tafkin da ta zubar da jini dominsa, sai ta tarar babu ruwan da zai shayar da ita. Mutane na haki, dawaki na haki, gaba kuma jeji ne. Suka juya da baya. Daga wannan rana ba a sake tura wata runduna ta bi Guru Gobind Singh ba.

Da yamma ya sauko daga tudu yana bin gawarwaki ɗaya bayan ɗaya, yana share musu fuska. Ya tarar da Mahan Singh da sauran numfashi. Ya ɗora kansa a cinya, ya ce ya roƙi abin da yake so. Mutumin bai roƙi rai ba, bai roƙi a kula da iyalinsa ba. Ya ce a yage takardar nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin duka shi ne takardar tana jikin Guru. Mutumin da ya bar garinsa cikin dare, ya rasa littattafansa a kogi, ya kwana a daji ba takalmi, amma wannan 'yar takarda ba ta ɓace masa ba. Ya ciro ta ya yage a gaban idonsa. Mahan Singh ya cika.

Aka tara gawarwakin aka ƙona bisa al'adarsu. Guru ya kira su Chali Mukte, wato arba'in ɗin da suka kuɓuta, tafkin kuma ya koma Muktsar, tafkin kuɓuta. A cikin waɗanda suka tsaya a bakin ruwan nan mutum ɗaya ce ta rayu, an same ta kwance da rauni. Ana cewa mijinta na cikin waɗanda aka ƙona a ranar.

Littattafan Sikh ba su taru a kan kowane gefe na labarin ba. Wata ruwayar ta ce ba a Anandpur aka rubuta takardar ba, a Malwa ne, gab da yaƙin, lokacin da wakilan Majha suka zo suka ce Guru ya bari su sasanta shi da Mugal, ya ƙi, suka yi fushi suka sa hannu suka juya. A wannan ruwayar Mai Bhago tana cikin tawagar, kuma a nan take ta tare su. Dogon labarin da ya fi yaɗuwa ya samu gindin zama ne a littattafan baya, irin su Suraj Prakash na Santokh Singh da aka kammala a 1843, kusan shekara ɗari da arba'in bayan aukuwar abin. Ko wacce aka bi, maza sun juya baya, mace ta juyo da su.

Yau Muktsar babban gari ne a jihar Punjab ta Indiya, kuma kusan kowane mataki na wannan rana an gina masa wurin ibada. Akwai Tibbi Sahib a kan tudun da Guru ya tsaya. Akwai Tambu Sahib inda aka shimfiɗa mayafai. Akwai Shahid Ganj inda aka ƙona gawarwakin. Babban cikinsu, a bakin tafkin, sunansa Tutti Gandi Sahib, wato inda aka ƙulla abin da ya tsinke. Kowace shekara a tsakiyar Janairu ana bikin Maghi. Mutane na shiga ruwan tafkin da asuba cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, ana cin shinkafar da aka dafa da ruwan rake, mayaƙan Nihang masu shuɗin kaya da dogayen rawuna suna sukuwa da masu, ga kuma kasuwar dawaki da ta yi suna a duk Punjab.

A cikin addu'ar da ake kira Ardas, wadda Sikh ke yi a tsaye safe da yamma da wurin aure da wurin mutuwa, ana ambaton arba'in ɗin nan tare da mutum biyar na farkon Khalsa da 'ya'yan Guru huɗu. Wato waɗanda suka taɓa rubuta cewa sun fita, yanzu ba a rufe addu'a sai an tuna da su. Sunan matar da ta dawo da su ba ya ciki. Mai kare al'adar zai ce ai su ma ba a jera sunayensu ba, kuma su mutuwa suka yi, ita ta rayu, sa'an nan akwai wurin da addu'ar ta haɗa maza da mata da suka sha wuya don addini. Hujja ce, ban ƙi ba. Amma tana ba ni mamaki.

Mamakin ya ƙaru idan aka dubi yadda addinin ya faro game da mata. Guru Nanak ya yi tir da masu ƙasƙanta mace. Mata Khivi, matar Guru na biyu, ita ta riƙe ɗakin girkin da ake ciyar da kowa kyauta a zaune a layi ɗaya, har sunanta ya shiga littafinsu mai tsarki, Guru Granth Sahib. Guru na uku, Amar Das, ya hana ƙona mace tare da gawar mijinta. Dokar Khalsa ta hana hulɗa da duk wanda ya kashe 'yarsa. Duk da haka, ƙidayar Indiya ta 2001 ta nuna cewa a Punjab, cikin yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, mata 798 ne kacal a kan kowane maza 1,000, saboda zubar da cikin 'ya mace bayan an duba a asibiti. A 2011 adadin ya hau zuwa 846. A 2019 sai da majalisar dokokin jihar ta zartar da ƙuduri tana roƙon shugabannin addini su bar mata su rera waƙoƙin ibada a cikin Harmandir Sahib, wurin ibadar nan mai rufin zinariya a Amritsar. Matan Sikh da ke wannan fafutuka sunan Mai Bhago suke ɗagawa, kuma ba wanda ke iya ce musu baƙon tunani suka kwaso daga Turai. Gwamnatin jihar ma ta ari sunan: a 2015 ta buɗe makaranta a Mohali mai suna Mai Bhago, inda ake shirya 'yan mata su zama hafsoshin soja.

Ita kuwa, da raunin ya warke, ba ta koma Jhabal ba. Ta roƙi Guru ya bar ta cikin masu tsaron lafiyarsa, ya yarda. Ta ci gaba da sa kayan maza da rawani, da mashi a hannu. Ta bi shi Talwandi Sabo, inda ya zauna watanni yana shifta wa Bhai Mani Singh littafi mai tsarki a sigarsa ta ƙarshe. Aurangzeb ya mutu a 1707, ɗansa Bahadur Shah ya hau, aka samu 'yar fahimta tsakaninsa da Guru, suka gangara kudu tare. Tana cikin ayarin har Nanded, a bakin kogin Godavari, a jihar Maharashtra ta yau. A can wasu mutum biyu suka shammaci Guru, ɗaya ya soke shi da wuƙa. Raunin ya yi kamar zai warke, ya sake ɓallewa. Ya rasu a watan Oktoba na 1708, bayan ya ce babu sauran Guru ɗan Adam, littafin ne zai gaje shi. A harabar wurin ibadar Hazur Sahib da ke Nanded har yanzu akwai ɗaki mai sunanta.

Bayan rasuwarsa mutane da yawa suka juya arewa. Banda Singh Bahadur, wanda Guru ya tura Punjab kafin ya rasu, ya tara runduna ya ci Sirhind a 1710, aka kashe Wazir Khan a fagen fama. Ramuwar da kowa ke jira ke nan, kuma da tana so da ta samu wuri a sahun gaba. Sai ta ƙara nausawa kudu. Ta sauka a wani ƙauye mai suna Janwada, kimanin kilomita 11 daga birnin Bidar a jihar Karnataka ta yau, fiye da kilomita 1,500 daga gidan ubanta, cikin mutanen da harshensu ba nata ba ne. Ta zauna a 'yar bukka tana ibada, tana karantar da wanda ya zo, har tsufa ya cim mata a nan. Inda bukkar take yanzu wurin ibada ne da ake kira Tap Asthan Mai Bhago. Masu ziyarar Nanded da Bidar sukan ratse su tuɓe takalmi, su rufe kai, su zauna kaɗan, a ba su abinci, su kama hanya.